Abin da Injin Ya Riƙe

Jakar kaya ɗaya. Kwalin zaren surfani, ruwan toka da ruwan zuma. Alluran inji. Busasshen kifin Inna a naɗe cikin jarida. Kwamfuta a kan cinya. Baƙin takalmi na maza a cikin leda, wanda ba ta gaya wa kowa ta saya ba.

Abin da Zaituna ta taho da shi daga Douala ke nan. Kwana kaɗan ta ce za ta yi, kayan aikin da ta je karɓa suka maƙale a tashar jirgin ruwa, har wata ya mutu wani ya tsaya tana gidan gwaggonta tana jira.

Daga tashar motoci ta Mvan ta shiga taksi. An matse ta tsakanin wata mai kwandon rogo da wani mutum da ke barci baki buɗe. Ba wanda ya zo tarbarta, ita ma ba ta gaya wa kowa ranar isowarta ba. Tun tana karatu a Turkiyya ta saba ta sauka a tasha ta ɗauki jakarta da kanta.

Sun shigo unguwarsu ta Briqueterie daidai an idar da sallar Juma'a. Hanya ta cika da maza, direba ya kashe mota ya jingina. Hayaƙin tsire ya shigo ta taga.

Nan ta ga riga ta farko.

Wani dattijo ne yana naɗe sallayarsa a bakin titi. A ƙirjin babbar rigarsa layuka ne suna saukowa hawa-hawa, kamar rufin kwanon unguwar nan idan mutum ya tsaya a tudun Tsinga ya leƙo. A tsakiyarsu, inda kowane mai surfani ke sa siririyar aska, wuƙa ce mai faɗin baki.

Ta ɗauka idonta ne. Sai ga wani saurayi da ita a kan farar shadda. Sai wani a bayan babur. Sai mai sayar da turare. Ta daina dubawa.

"Direba, aikin nan na ƙirjin rigunan, ina ake yin sa?"

Ya dube ta a madubi. Hausarsa ta mutanen Garoua ce.

"Ke baƙuwa ce? C'est la mode, ma sœur, shi ake yayi. Shamsu Spécial sunansa. Shagon Shamsuddin mai injina. Ni ma na kai yadina, sun ce layi ya yi tsawo, sai dai in jira."

Ta ƙanƙame kwamfutar da ke cinyarta.

Zanen nata ne. Damina guda ta yi a kansa. Don Gali ta yi shi, tela mai ɗinkin hannu, ɗan Malam Ɗanjuma mahauci, mutumin da take so, wanda gidansu suka ce ba a haɗa jini da masu fawa. Wuƙar ubansa ta zana a ƙirjin rigar da zai sa ranar ɗaurin aurensu, don ya tsaya a gaban danginta da ita, kansa a ɗage.

Zaituna ba ta ba kowa zanenta. Tela ya kira ta, ta je da kwamfutarta, ta jona da injinsa, ta tsaya a kai har a gama rigunan da aka yi ciniki, sannan ta goge zanen daga cikin injin kafin ta gyara mayafinta ta fita. Kwamfutar kuma a kulle take da lambar da ita kaɗai ta sani. Telolin unguwa Madam Goge suke ce mata. Suna dariya, amma suna kira, don ba mai hannu irin nata.

Sau ɗaya ta karya ƙa'idar. Ana gobe za ta tafi, ta zuba zanen a kile, ɗan abin nan kamar yatsa da ake sokawa a jikin inji, ta damƙa wa Gali.

"Naka ne kai kaɗai. Ka ajiye. Kada ka kai shi ko'ina sai na dawo."

Ya sa a aljihun ƙirji, ya dafe da tafin hannu.

*

A falo ta tarar da mahaifinta, Alhaji Mohaman mai shadda. Gefensa Shamsuddin, ɗan yayansa, wanda tun tana goyo ake ce masa ga matarka nan. Yana zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya yana latsa waya.

Ta durƙusa.

"Baba, na same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Haka ake dawowa, ba sanarwa? Ya gwaggon taki?"

"Tana gaishe ku."

Ba ta taɓa ɗaga ido ya wuce ƙirjinsa ba idan yana magana. Yau a ƙirjin abin yake. Shadda ruwan toka, sabuwa, tana ƙara idan ya motsa. Layukanta. Wuƙarta.

"Mutanen Turkiyya, an sha hanya," in ji Shamsuddin. "Kin ga aikinki a jikin Baba? Ya fi fitowa a ruwan toka, ko?"

"Yaya Shamsu, wa ya ba ka?"

"Mutuminki. Da ƙafarsa ya kawo."

"Ya ce ka sayar?"

"Ya shigo shagona da kile, an yi masa aiki, ya tafi. Abu ya zauna a injina. Injin nawa ne, zaren nawa, wutar ma ni nake biya. Me kike so in yi, in zuba masa ido yana kwance?"

"Zanen yana da rajista da sunana."

Alhaji Mohaman ya ajiye carbinsa.

"Rajista," ya ce, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Kakanku ya shigo garin nan da aska takwas a ƙirjinsa. Wa ya yi mata rajista? Duk telan da ya gani ya je ya ɗinka, ba wanda ya kai wani ƙara. Da haka aka gina ɗakin da kike kwana."

"Baba, aska takwas ta kowa ce. Wannan ni na zauna na yi. Doka ta ce wanda aka ba abu ya kwafa don kansa, ya sa a jikinsa ko ya ba na gidansa, ba laifi. Amma wanda ya buɗe layi yana sayarwa da sunansa..."

"Doka za ki karanta min a falona? Tashi ki shiga, uwarki na jira."

Shamsuddin ya bi ta da murmushi har ta saki labule.

Inna Kulsum ta karɓi kifin ta shinshina, ta ce na bana ya fi na bara. Ta tambayi jikin gwaggo, ta tambayi ruwan Douala. Sai da tambayoyi suka ƙare sannan ta ja ƙofa ta rage murya.

"Sun zo fa, kina can."

"Su wa?"

"Mahautan. Ubansa da ƙannen ubansa. An shimfiɗa musu tabarma a waje, ba a shigo da su falo ba. Babanki ya ce su tafi da goronsu, zai yi shawara."

Zaituna ta zauna bakin gado. Ba wanda ya gaya mata. Kullum suna waya da Gali, bai ce mata komai ba.

"To ya yi shawarar," in ji Inna. "Ki ba Shamsu lambar akwatin nan naki, zanenki duka su shiga shagon gida. In kin yi haka, babanki zai karɓi goron mahauta. In kin ƙi, an rufe maganarsu, ta Shamsu kuma tana nan inda take tun da."

"Wa ya kawo wannan shawarar?"

"Shi Shamsun. Ya ce in ya rasa ki, kada ya tashi a banza. Ni dai na ga ya yi dattako."

"Dattako."

"Ke, kada ki maimaita min magana. Zane dai? Tun da nake ban taɓa jin an saci zane ba. In an saci tukunya, ka zo ka tarar babu tukunya. Naki yana nan a akwatinki, ba a rage miki ko zare ba. Mene ne na ɓata rai?"

"Inna, shekarun da na yi a can, ni kaɗai a ɗaki, ba mai jin Hausa, sanyi na shiga ƙashi. Ba ni da kowa sai wannan aikin. Shi na dawo da shi. In na bayar, me na je yi?"

"Kin je kin dawo, ga miji za a ba ki. Wanda kike kuka a kansa tun bara."

Zaituna ta ce, "Kin san abin da ke ƙirjin Baba?"

"Aska ce mana."

"Wuƙar fawa ce. Ta Malam Ɗanjuma. A hannunsa na gan ta na zana."

Inna ta toshe baki da gefen zane. Kafaɗunta suka girgiza, ba a san dariya ba ce ko tsoro.

"Ki rufa min asiri. Da ita ya tsaya a sahun gaba yau. Kada ki kuskura ya ji."

*

Bayan la'asar ta ɗauki ledar takalmin ta fita. Hadari ya haɗo ta wajen Mokolo. Ta bi ta bayan masu tsire, ta gangara lungun da ke fita unguwar Madagascar. A hanya mutum uku suka gaishe ta da Madam Goge. Ɗaya ya ƙara da cewa, "Wannan karon an manta gogewa."

Shagon Gali ɗaki ne ɗan ƙarami, ƙofa ɗaya, benci ɗaya. Yana zaune a tabarma da wuyan riga a gwiwa, allura a hannu. Da ya gan ta ya miƙe, zaren ya zame ya faɗi.

"Zaitu. Yaushe? Da kin faɗa na zo Mvan."

"Ina kile ɗin?"

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da shi. Ya miƙa mata a tafin hannu biyu.

"Ga shi. Wallahi bai taɓa kwana a wajen kowa ba."

"Na gan shi a titi, Gali. Na gan shi a bayan babur. Na gan shi a jikin Baba."

"Zauna in gaya miki."

"Faɗi, ina ji."

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ruwa ya fara ɗiga a kwano.

"Da kika daɗe, Baba ya ce ba zai ƙara jira ba, zai je gidanku ya nema min. Ana jibi za su je na shiga ɗakinsa na tarar ya baza rigunansa a gado yana dubawa. Zaitu, ba wadda ba ta jin hayaƙi. Duk yadda aka wanke. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina ya ajiye, ya ɗauki wata. Ya ce min, ɗan nan, da wacce zan shiga gidan masu shadda?"

Ya goge fuska da hannun riga.

"Shaddar da na ajiye ta aurena na ɗauko. Na ce ni ango ne, ko da jamfa na fito ba wanda zai ƙi ɗaura min. Shi ne zai zauna gaban Alhaji. Aikin hannu ba zai yiwu a kwana biyu ba. Injin da zai ɗauki faɗin ƙirjin nan kuwa a unguwar nan na mutum ɗaya ne."

"Sai ka kai wa Yaya Shamsu."

"Ban kai masa ba. Na kai wa injinsa. Ni na soka kile ɗin da hannuna, na tsaya a kai tun daga allurar farko har ta ƙarshe, ko fitsari ban fita ba. Aka gama na zare abina na sa a aljihu. Na ce na yi yadda kike yi."

"Ba ka goge ba."

"Ban san ana gogewa daga ciki ba. Na ɗauka in ka zare, ka zare ke nan. Ni allura na sani. In na cire zare daga allura, allurar ba ta riƙe komai."

"Me ya sa kake tsammani suke ce min Madam Goge?"

"Na ɗauka tsokana ce kawai."

Ta rufe ido. Ta san gaskiya yake faɗa, kuma hakan bai rage mata komai ba.

"Me ya hana ka kira ni? Kullum muna waya. Kana tambayata na ci abinci, ina cewa na ci."

"Za ki ce a'a."

"Zan ce a'a ga injin Yaya Shamsu. Ba zan ce a'a ga Baba ba. Rigar ubanka ce, da na so. Da na gaya maka maɓallin da za ka danna, magana ɗaya ce."

Ya sunkuyar da kai.

"Ya sa ta?" ta tambaya a hankali.

"Ya sa. Ya tsaya gaban madubi ya daɗe. Ya ce, wannan kamar wuƙata. Na ce ita ce. Ya fita tsakar gida ya wanke fuska." Gali ya ja numfashi. "A tabarmar waje aka ajiye su. Amma ƙanensa ya ce Alhaji bai ɗauke ido daga ƙirjin rigar ba har suka tashi. Juma'ar da ta zagayo, sai ga Alhaji da irinta. Ta gaba, rabin masallaci. Baba ya ninke tasa ya sa a ƙasan akwati. Ya ce yanzu za a ce shi ya kwaikwayi masu kuɗi."

Hawayen da ta riƙe tun daga taksi suka zubo. Ba ta share ba. Ta shigo ta zauna a bencin, ta ajiye ledar a gefe.

"To ka ji abin da za mu yi. Zanen yana da rajista. Abin da ka yi, doka ba ta hana ba, kai na ba, ka ɗinka wa mahaifinka. Wanda ya sayar shi ne da laifi. Zan shigar da plainte, in kai ƙarar shagonsa gaban hukuma. Abu ɗaya nake bukata. Zai ce kai ka sayar masa. Ka zo ka tsaya ka ce ba ka sayar ba, ka faɗi abin da ka faɗa min yanzu."

Ƙarar ruwa ta cika ɗakin.

"Ba zan iya ba, Zaitu."

"Ƙarya zan sa ka yi?"

"Ɗan mahauci ya tsaya gaban hukuma ya nuna ɗan gidan da yake neman aure da yatsa? Daga ranar ko ƙofar gidanku ba zan ƙara takawa ba. Ke ma kin sani."

"Ai yanzu ma a waje ake ajiye ku."

"Amma an buɗe hanya. Shamsuddin ya zo nan da kansa, ya zauna inda kike zaune. Ya gaya min sharaɗin Alhaji. Ya ce shi ya janye."

"Ka san da sharaɗin."

"Na sani."

"Me ka ce masa?"

Ya sunkuya ya ɗauki zaren da ya faɗi.

"Gali, me ka ce masa?"

"Na ce za ki yarda."

Ta dube shi sosai. Fuskar da take kira a ranta duk daren da sanyin Turkiyya ya hana ta barci. Tana nan yadda take, da ɗan tabon allura a leɓe, da idanun da suka yi ja.

"Ka yi alkawari a madadina a kan abin da ba naka ba."

Ya durƙusa a gabanta, ya kama gefen bencin.

"Ki ji ni. Don Allah ki ji ni. Tun kafin ki tafi karatu nake jiranki. An ce min na yi hauka, an kawo min 'ya'yan ƙannen Baba na ƙi. Ga shi yau an ce ga ƙofa, lamba kawai za ki faɗa. Zane ne, Zaitu. Kanki yana nan, hannunki yana nan. Za ki yi wani. Za ki yi ɗari. Ni kuwa in na rasa ki ba ni da wata."

"In na yi wani, na wa zai zama?"

"Namu."

"Na Yaya Shamsu. Duk wanda na yi gobe zai ce a shagon gida yake, Baba ya ce haka ne. Sunansa za a kira. Ni zan zauna a ɗakinka ina zana masa, kai kana gode masa da ya bar maka ni."

"Ko haka ne, muna tare."

"Inna ta ce zane dai. Baba ya ce zane dai. Ban yi mamaki ba. Kai tela ne. Ka san abin da ake ji idan an zauna a kan wuyan riga ɗaya har ido ya yi ruwa. Na ɗauka a garin nan akwai mutum ɗaya da ba sai na yi masa bayani ba."

"Na sani. Wallahi na sani. Amma me ya fi, ni ko shi?"

"Ban taɓa raba ku ba. Kai ka raba yau."

Ya kifa kai a bencin yana kuka kamar ba namiji ba. Hannunta ya tashi zai sauka a kan hularsa, ta mayar da shi cinyarta.

Ta tura masa ledar.

"Na saya maka a Douala. In bai yi maka ba, ka ba babanka."

"Zaitu, kada ki tafi a haka. Ki ce min wani abu."

Ta ja mayafi ta rufe kai, ta shiga cikin ruwan.

*

Ba ta tsayar da taksi ba. Jan ruwa yana gangarowa daga tudu yana wanke ƙafafunta. Masu tsire sun ja leda sun rufe wutarsu. A ƙarƙashin kowace rumfa maza sun fake, sun naɗe hannun riga a kafaɗa, ƙirjinsu a waje. Ta bi tsakiyar hanya ita kaɗai, ba ta dubi kowa ba.

Ta tuna wata malamarsu a can, tsohuwa mai taurin kai, da ke bin bayan ɗalibai tana duba injina bayan an tashi. Duk wanda ya bar zanensa a ciki sai ta goge masa maki. A lokacin, mugunta suke ce wa abin.

Ana kiran magariba ta shigo gida a jiƙe. Ta yi salla, ta canja kaya. Ba ta taɓa abincin da Inna ta ajiye mata ba.

Da ta fito ɗebo ruwa ta tarar da Shamsuddin a baranda. An sa masa kujera daidai ƙofar ɗakinta. Labulen falon Baba a ɗage, fitila a kunne, tana hango ƙafafunsa a kan darduma. Inna tana tsaye da buta a hannu, ba ta zuwa ko'ina.

"Amarya," in ji Shamsuddin. "An je an ga ango? Ya kira ni, ya ce kin ɗan yi fushi amma za ki sauko. Na ce ai na san ƙanwata."

Ta wuce shi ta ɗebi ruwan.

"Ba sai kin ba ni akwatin ba, ki riƙe abinki. Lambar kawai, a kwashe abin da ke ciki. Gobe da safe Baba ya aika wa mahauta. Ni da kaina zan ɗinka wa angon riga, kyauta. Shamsu Spécial."

"Yaya Shamsu, da ka ga zanen a injinka, ka san nawa ne?"

"Wa zai ga layin nan bai san hannunki ba?"

"Amma ka sa masa sunanka."

"Suna ai na kasuwa ne. Wa zai sa riga a ce masa Madam Goge?" Ya yi dariya, ya dubi Inna ko za ta taya shi. Ba ta taya ba. Ya gyara zama, muryarsa ta sauka. "Ki bar maganar avocat ɗin nan da Gali ya ce kina yi, ba lauyan da zai tsaya miki. Ba ki da shaida. Mutum ɗaya ne ya san yadda aka yi, shi kuwa ya riga ya zaɓa. Ni ban ƙi ki ba, Zaituna. In kin ba da lamba, na yi miki hanya. In kin ƙi, ina nan inda nake tun kina rarrafe. Ko ta ina kika bi, gida za ki dawo."

Daga falo muryar Alhaji Mohaman ta fito.

"Kulsum, tambaye ta. Ba zan kwana da maganar nan ba."

Inna ta matso, ta kama hannunta. Tafinta da sanyi.

"'Yar nan, ki faɗa masa mu huta. Yaron nan Gali yana son ki, na yarda yau. Kada ki rasa shi a kan layi-layi. Wa za ki zauna da shi? Akwati?"

Zaituna ta dubi mahaifiyarta, ta dubi labulen falo. Ta saurara ko za ta ji sallama daga ƙofar gida. Ruwa ne kawai ke zuba daga indararo.

Ta zare hannunta a hankali. Ta shiga ɗaki, ta ajiye kofin, ta tura ƙofa ta sa sakata.

"Zaituna," in ji Inna daga waje. "Babanki na jira."

Ta jingina goshi da ƙyauren. Ba ta ɗaga murya ba, amma gidan ya yi tsit, har falo an ji.

"Inna, ki ba Baba haƙuri. Ba zan ba da lambar ba. Ranar Litinin zan kai ƙarar shagon Yaya Shamsu, kuma zan sa sunan Gali a shaida. In ya zo, shi zan jira ko shekara nawa ne. In bai zo ba, ni kaɗai zan shiga."